Kafin Ki Shimfiɗa Wa Goggo Rakiya Gado

Omdurman,
ranar Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa ga 'yarta. Allah Ya kai ki Alsahafa lafiya, Ya tsare ki a mota da kan gada, Ya sa ki tarar da Goggonki Rakiya cikin sauƙi.

Na san za ki yi dariya. Kina can tsakar gida kina ninke kayanki, ni kuma ina ɗaki ina rubuta miki takarda kamar wadda za ta ƙetare teku. Kin san halina. In na ce zan faɗa da baki, sai in maimaita abu ɗaya sau uku, in manta na huɗun. Ki sa takardar nan a jakarki, ki karanta ta a natse kafin Asabar, ranar da za a sallamo Goggo daga asibiti.

Da ni ya kamata in tafi. Yayar mahaifinki ce, ba ta da 'ya mace, kuma ni ce na karanta aikin jinya. Amma sati uku ke nan da fara aikina a ƙaramin asibitin unguwa, takardar shaidata ko bango ba ta hau ba tukuna, kuma ba a ba sabon shiga hutu. Shi ya sa nauyin ya faɗo kanki, ke da ba ki taɓa kwana uku a jere a wani gida ba.

Ranar Talata na je na gan ta, na kuma tsare likitan da tambaya har ya ɗago kai ya dube ni. Ga abin da na rubuto. Wuyan ƙashin cinyarta ta dama ne ya karye da ta zame a bakin famfo. An cire kan ƙashin, an sa na ƙarfe, kuma ta baya aka yi yankan. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Na same ta tana faɗa da mai kawo abinci wai miyar ba gishiri, nan na san Goggonki tana nan yadda muka san ta. Hankalina a kwance yake. Abu ɗaya ne ya rage: kafin naman wurin ya haɗe ya yi ƙarfi, wannan kan ƙarfen yana iya gocewa daga gurbinsa. Likita ya ce sati shida ne masu hatsari. In ya zauna daram har su wuce, za ta koma kasuwa da ƙafarta, ta zauna gaban tiren gyaɗarta. In ya goce, labari ya canza. Abin da ke gotar da shi kuwa uku ne: gwiwa ta ɗago ta wuce ƙugu, ko ƙafar ta ƙetare 'yar'uwarta, ko yatsun ƙafar su karkata ciki. Da rana mutum yana iya lura da kansa. A barci ba ya iyawa, shi ya sa za ki je.

Kada ki ɗauka a makaranta na fara sanin waɗannan. A jikin mahaifiyata na koye su, Habbobarki, Allah Ya jiƙanta. Kina da shekara goma sha ɗaya aka yi mata irin wannan aiki. Kin tuna ta da sanda da takalmi ɗaya mai tudu. Ba ki san dalili ba, don ban taɓa gaya miki ba. Yau zan gaya miki.

Na fara yin kuskure tun ranar da muka dawo da ita, a kan gado. Tana da angarib ɗinta, gadon nan na igiya da ta zo da shi daga Jazira tun zamanin da suke tsinkar auduga a gonakin mutane. Igiyar ta saki, tsakiyar ta lotsa kamar ƙwarya, tsayinsa bai kai gwiwata ba. Ta ce gadon asibiti ya kakkarya mata baya, ita a nata za ta kwanta. Na ga ai gaskiyarta ce, na shimfiɗa mata. To, duk wanda ya kwanta a irin wannan gado, mazaunansa ƙasa suke yi, gwiwoyinsa su yi sama. In zai tashi kuma dole ya naɗe kansa. Kullum sai ta yi nishi wajen tashi, ni kuwa ina cewa ai ciwon yanka ne.

Saboda haka ki fara da gadon, kafin ma ki sha ruwa. Babanki ya je jiya ya ɗaure igiyar gadon Goggo tam, ya ɗora allon katako ƙarƙashin katifa, ya sa jan bulo a ƙarƙashin ƙafafun. Na yarda da aikinsa, amma ki girgiza gadon da hannu biyu ki gani. Sannan ki auna tsayin da jikinta, ba da naki ba, don kin fi ta tsawo. In ta zauna a bakin gado, tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa, gwiwarta kuma ta kasance ƙasa da ƙugunta kaɗan. In gwiwa ta fi ƙugu tudu, a ƙara bulo. In ƙafa tana lilo, a rage. Kuma ki zaɓi wuri ɗaya a ƙarƙashin rumfa inda iska ke bi, ki bar gadon a nan. Wannan al'ada tamu ta fitar da gadaje tsakar gida da magariba a mayar da su da safe, a ɗage wa nata. Kada ki yarda a ɗauki gadon tana kai, ko da maza huɗu ne.

Kwanciyar da aka yarda mata yanzu ita ce rigingine. Matashin kai ɗaya a ƙarƙashin kanta, ɗaya mai kauri a tsakanin ƙafafunta, daga gwiwa har idon sawu, yadda ƙafafun za su buɗe kamar faɗin kafaɗunta. Yatsun ƙafa su dubi sama. Na ɗinka miki biyu na auduga masu tauri, suna cikin buhun da ke bakin ƙofa. Kada ki yi amfani da masu laushin nan na Kasuwar Libiya, kafin a jima sun baje. Ruf da ciki kuwa, babu shi sam.

Kuskurena na biyu tausayi ne ya jawo shi. Habboba ta ce bayanta na ciwo, sai na tura mata matashin kai a ƙarƙashin gwiwar da aka yi wa aiki. Ta ji daɗi, ta sa mini albarka, na bar shi nan dare da rana. Bayan kwana goma gwiwar ta ƙi miƙewa sosai, sai da muka sha fama. A wannan lokacin kuma ban taɓa duba diddigenta ba. Ranar da na duba, na ga wani ja kamar ƙwayar gyaɗa, kafin sati ya zama gyambo. Duk nauyin ƙafar a kansa yake sauka, ita kuma ba ta iya gyara kwanciya.

Ke kada ki sa komai a ƙarƙashin gwiwa ya daɗe. In bayanta ya gaji, ki ninke zane siriri ki sa mata a kwarin baya, ko ki ɗan ɗago kanta da kafaɗunta kaɗan, ba zaune ba. Mafi alheri ma ki tashe ta ta taka da sandar nan mai ƙafa huɗu, kamar yadda aka koya mata a asibiti, don kwanciyar yini guda ba magani ba ce. Diddige kuwa, ki ninke tawul ki sa a ƙasan sha-raɓa, yadda hannunki zai iya wucewa tsakanin diddige da katifa. Ki duba shi safe da yamma, ki duba ƙasan bayanta ma. In kin ga ja, ki danna da yatsa. In ya yi fari ya dawo, da sauƙi. In ya ƙi yin fari, ki aiko mini a ranar. Kuma duk sanda kika wuce ta gabanta, ki ce ta motsa tafin ƙafa sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki.

Na uku, 'yan dubiya. Kin san mutanenmu. Ranar da Habboba ta dawo, tun daga unguwarmu har Bahri ba wanda bai zo ba. Kowace ta shigo sai ta zauna a bakin gadon, don a wurinmu haka ake nuna ƙauna. Wata rana mata uku suka jeru a gefe ɗaya, gadon ya karkata, Habboba ta mirgina wajensu. Allah ne kawai Ya kiyaye. Sai ga maƙwabciyarmu Hajja Sakina da kwalbar man riɗi, ta naɗe hannun riga.

Ta ce, "Matsa, ya bitti, matsa 'yata. Ƙafar nan tausa take so. Likitoci yanka suka iya, gyara kuwa sai mu."

Na ce, "Hajja, an ce a bar ta."

Ta ce, "Wa ya ce? Ni na yi wa uwarki tausa ranar da ta haife ki, kina tsala ihu kamar akuya. Kawo tabarma."

Na kawo. Ta murje ƙafar tun daga cinya har yatsu, Habboba tana lumshe ido. Ba abin da ya faru. Amma shekaru bayan haka, ina zaune a aji, malamarmu ta bayyana yadda jini ke iya daskarewa a jijiyar sha-raɓa bayan irin wannan aiki, da yadda tausa ke iya tunkuɗa gudan ya tafi huhu. Na ajiye alƙalami, na kasa rubutu.

Ba sai kin yi faɗa da kowa ba. Ki shimfiɗa tabarma, ki jera kujeru, ki ajiye tiren shayi can nesa da gadon. Mutanenmu inda shayi yake, nan suke zama. Mai son tausa ki miƙa mata hannuwan Goggo da kafaɗunta, ta murza iya son ranta. Ƙafa dai a'a. In kuma kika ga sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko numfashinta ya yi gajere, asibiti nan take.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

Habboba aikin hagu aka yi mata. Kwana goma sha tara tana rigingine, tana ƙorafi, ina lallashi. Ranar ta goma sha taran an yi zafi ƙwarai, wuta ta ɗauke tun safe, fanka a tsaye. Bayan azahar na zo gyara mata kwanciyar rana, sai ta riƙe hannuna.

Ta ce, "Hauwa, juya ni dama."

Na ce, "Inna, likita ya ce tukuna."

Ta ce, "Likita ne zai amsa mini tambaya a kabari? Shekara sittin ina kwanciya a hannun dama, fuskata alƙibla, yadda aka koya mana. Yau kin shimfiɗe ni rigingine kamar wadda ake jiran masu wanka. In mutuwa ta zo mini a barcin nan, a haka za ta same ni?"

Na ce, "To bari in sa miki matashin a tsakani."

Ta ce, "Cire mini abin nan, ya dafa mini cinya. Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Nafisa, na san an hana. Ba zan ce ban sani ba. An gaya mini a asibiti, da Larabci ƙarara, na kuma gyaɗa kai. Amma uwata ce, ta ambaci sunna, ta ambaci mutuwa, sai na ji kunya ta rufe ni. Na ce a raina ai ba a kan ciwon za ta kwanta ba, a kan lafiyayyen gefe ne. Na juya ta, na ajiye matashin a ƙasa. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Yawwa, yanzu na zama mutum." Na tafi murhu yin kisra, gurasar nan tamu ta dawa.

Ko rabin ƙullun ban gama ba na ji ƙararta. Da barci ya ɗauke ta, ƙafar hagu da ke sama ta zame gaba, ta ƙetare ta dama, ta faɗa kan katifa, gwiwa ta karkata ciki. Abubuwa biyu daga cikin ukun nan a lokaci guda. Na tarar da ƙafar ta gajarce, yatsu sun juya ciki, ba ta ko bari a taɓa.

Sai na ƙara wani kuskuren a kai. Lokacin ana wahalar mai, motar haya sai an yi sa'a, ga dokar hana fita in dare ya yi. Aka ce ga mai ɗori nan bayan masallaci. Na aika aka kira shi. Mutumin kirki ne, ya gyara hannuwa da ƙafafu da yawa a unguwar nan. Ya ja, ya murɗa, ta suma, ƙarfen bai shiga gurbinsa ba. Shi da kansa ya ce a kai ta asibiti, amma yamma ta riga ta yi, sai washegari muka samu mota. A asibiti aka mayar da ƙarfen da allurar barci. Bayan wata biyu ya sake gocewa, don wurin ya riga ya saki. Daga nan ne sanda, daga nan ne takalmi mai tudu.

Daga baya na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce mini mara lafiya yana da rangwame, ya kwanta yadda lafiyarsa ta ba shi dama, ko salla ma a kwance ya halatta gare shi, balle barci. Da na tambaya tun farko, da ina da abin faɗa mata. Ke ga shi na ba ki tun yanzu.

Amma ki lura, kada ki ɗauki labarin Habboba ki ɗora kai tsaye. Nata hagu ne, na Goggo dama. Ita in ta ce a juya ta dama, a kan yankan kansa za ta kwanta, kuma wannan sai ranar da likita ya ce. In ta ce to hagu, nan ne ƙafar aikin za ta koma sama, irin ta Habboba. Likitan ya ce zai duba ta ranar cire zare, a nan zai faɗi ko ta fara kwanciyar gefe. Ki tambaye shi da bakinki, ki sa ya maimaita. In ya yarda, ga yadda ake yi. Tana rigingine za ki fara sa matashin kai biyu a tsakanin ƙafafunta, daga cinya har idon sawu, ba a gwiwa kaɗai ba. Ta matse su. Ki tsaya ta gefen da za ta juyo, hannunki ɗaya a kafaɗarta, ɗaya a ƙugunta, ta juyo gaba ɗaya lokaci guda, kafaɗa da ƙugu da gwiwa tare. Ki tokare bayanta da wani matashin. Ki duba: gwiwar sama tana kan matashi, ba ta leƙo gaba ba. In zafi ya dame ta, ki sa wa matashin rigar farin yadi, ki riƙa canzawa, ki yi mata fifita. Zafi dai ba dalilin cirewa ba ne.

In kuma, Allah Ya kiyaye, kika ji ƙara farat ɗaya, kika ga ƙafa ta gajarce ko ta juya, kada ki ja, kada ki bari kowa ya ja. Ƙarfe ba aikin mai ɗori ba ne. Babanki ya yi magana da maƙwabcin Goggo mai motar ɗaukar kaya, ya ce ko wane lokaci a buga masa ƙofa. A ɗauke ta a kwance a kan allon katakon, a kai ta inda aka yi aikin.

Na san Goggonki. Sati na farko za ta bi ki. A na biyu, in ta ji ƙarfi, za ta fara. Za ta ce miki 'yar jiya. Za ta ce ita ta yi wa ubanki wanka. Za ta nemi bambar, 'yar gajeriyar kujerar nan, wai za ta yi alwala kamar kowa, za ta ce salla a kan doguwar kujera sallar masu kuɗi ce. Za ta harɗe ƙafa tana ba ki labari don ta ga ko kina kallo. Wata rana kuma, da rana tsaka, in zafi ya kai mata, za ta yi ƙasa da murya ta roƙe ki. Wannan ya fi zagin wuya. Ki durƙusa, ki ce, "Goggo, ki yi haƙuri," ki ɗauko mafici, ki zauna. Kada ki yi gardama, kada ki ɗaga murya, kada kuma ki cire matashin.

Ba na so ki karanta wannan ki ɗauka uwarki tana cikin baƙin ciki. A'a. Habboba ta yi shekara huɗu bayan haka, tana cin abincinta, tana tsokanar jikoki, tana nuna mutane da sanda. Ita ce ma ta matsa mini in koma makaranta da girmana, ta ce tunda na iya lalatawa, in je in koyi gyarawa. Na je, na gama, ga ni ina aiki, ga ki kin girma har ana aiken ki jinya. Na gode wa Allah.

Sau ɗaya kawai muka yi maganar ranar nan da ita. Ina yanke mata farce a bakin rumfa, na ce, "Inna, ki yafe mini, ni na juya ki." Ta ce, "Ni na ce ki juya ni." Ta dubi ƙafar. Can ta ce, "Amma da kin ƙi, Hauwa, fushin kwana biyu zan yi, in manta."

Ki bar Goggo ta yi fushinta na kwana biyu.

Allah Ya ba ki haƙuri da taushin hannu. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na gajiya, Ya ba Goggonki barci mai daɗi, Ya tashi kafaɗunta. Ya mayar mini da ke gida lafiya, kamar yadda na sallame ki lafiya. Ki ci abinci, ki riƙa yin barcin rana in ta yi. Ranar Juma'a ta sama, in an tashe mu da wuri, zan hau mota in zo in gan ku.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hauwa